Kwalbar Rubutun Inna

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami a kan wannan babi, ina kuma roƙonsa ya tsare ni daga ƙari da ragi, domin yawancin waɗanda zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin da za su gyara mini. 'Ya'yana, na san kun taso kuna jin wata magana a garinmu Darki, ana yin ta ƙasa-ƙasa a gidan biki ko a zaman makoki, wai ubanku ne ya karɓe rubutun sha daga bakin mahaifiyarsa tana kwance, don wata 'yar boko ta ce ya karɓe. Ke Safiya kin taɓa tambayata a kan haka, na ce ki tashi ki ɗebo mini ruwa. Ba raina ki na yi ba, rasa ta inda zan fara na yi. Maganar tana da gaskiya a ciki, na karɓi kwalbar da hannuna. Ga yadda abin ya faru.

A shekarun da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, aka buɗe jami'a a Wudil. Gari ya cika da baƙin fuska, malamai da ɗalibai tun daga Sakkwato har Borno, bangon gidaje kuma ya cika da hotunan masu neman ƙuri'a, kowa yana rantsuwa shi zai kawo wuta da ruwan famfo. Ni a lokacin na haura arba'in, muna zaune da uwarku Hauwa a ɗaki biyu a Sabon Garin Wudil, ina ɗinkin hula. A boko ban wuce haɗa baƙi ba. Abin da na iya shi ne ajami da karatun zaure da mahaifinmu ya ba mu, ni da yayana Malam Garba. Da aka ce ana neman mai wanke kwalabe a ɗakin gwaji na jami'ar, na je, Allah ya sa aka ɗauke ni.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Dokta Hajara, mutuniyar Zariya ce, siririya, ba ta kai ni shekaru ba, ba ta kuma ɗaga murya. Ranar farko ta zaunar da ni a kan kujera ta ce:

"Malam Isiyaku, kiwo nake yi, kamar yadda ake kiwon awaki a garinku. Sai dai ni garkena duka cokali ɗaya zai ɗauke shi."

Abin da take kiwo wasu halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Tana ba su abinci a cikin ƙananan farantai masu murfi, abincin kuwa kamar koko ne da ya kwana ya daskare. Aikinta shi ne ta ɗauko wani ɗan yanki na gadon halitta ta dasa musu, don in an ɗiga musu ruwan rijiya mai guba su sauya launi, mutanen ƙauye su san rijiyar da za su guje wa. Don ta bambance nata garken da na daji, sai ta yi musu shaida, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen saniyarsa. Shaidar ita ce akwai wani maganin asibiti da ba ya kashe su. Ta ce mini su kansu raunana ne, da wuya su kayar da lafiyayyen mutum, amma in suka shiga cikin wani ko suka bi kwata, suna iya koya wa miyagun 'yan'uwansu wannan taurin kai, ranar da likita ya ba marar lafiya maganin sai ya ƙi ci. Saboda haka doka ɗaya ce ta fi kowace: babu abin da zai fita ɗakin nan da rai.

Sauran dokokin na rubuta su da ajami a jikin kwali na manna a bayan ƙofa. Farar riga da safar hannu kafin a taɓa komai. Wanke hannu da sabulu kafin a fita. Ba ci ba sha, har goro, wanda shi ne ya fi ba ni wuya, don sai da na yi wata guda bakina yana motsi ba komai a ciki. Duk kwalba ko farantin da garken ya taɓa, jan bokiti za a saka shi, daga nan sai tukunya. Tukunyar nan ta ƙarfe ce, tsayinta ya kai ƙuguna, ana ɗaure murfinta da kusoshi, wuta ta tafasa ruwan ciki har tururi ya rasa hanyar fita, ya dafa duk abin da ke ciki. Sai abu ya bi ta tukunya sannan ni in wanke shi. Na riƙe wannan, ko kuwa in ce na zaci na riƙe.

Kakarku Inna tana Darki a gidan mahaifinmu, wurin Yaya Garba. A bazarar shekarar ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya dawo sama-sama, aka kai ta asibiti aka ba ta ƙwayoyi, tana sha tana tsaki. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, don ɗan fari ne, sai dai ta ce "mai zaure". Ni kuwa Auta take ce mini har gemuna ya yi furfura. Yaya ya ƙudura zai yi mata rubutu na kwana uku, ayoyin waraka, da hannunsa, alhali hannun ya fara rawa, idon ma ya fara yin hazo. Wanda bai taɓa yi ba ba zai san wahalar ba: ka cika allo, ka wanke a ƙwarya, ka jira ya bushe, ka sake cikawa, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Da na je gaishe su, na tarar yana ƙorafin kwalbar da zai zuba, wai duk na gidan ko sun sha manja ko murfinsu na yoyo. Na ce ya bar mini wannan.

A makon nan wuta ta ɗauke a ɓangarenmu, janareto kuma ya lalace, tukunya ta yi kwanaki a zaune. Jan bokiti ya cika, na kawo na biyu shi ma ya cika. Dokta ta tafi Kano neman kayan gyaran janareto. Ni kuwa mutum ne da ba ya son ganin kaya a jibge. Na tsaya a kan bokitan nan ina tunani, tunanin kuma ba na jahili ba ne, na wanda ya yi karatu ne, shi ya sa ya fi haɗari. A zaure an koya mana cewa ana gane ruwa ya ɓaci da abu uku: launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa. An koya mana ko kare ne ya yi lallagi a ƙwarya, wanki bakwai ya ishe ta. Na ce a raina, abin da ya isar wa bakin kare ai ya isar wa abin da ko ƙwayar gero ya fi shi girma. Na sa safar hannu, na kawo sabulu da soso, na wanke kwalabe guda shida, kowace sau bakwai ina ƙirgawa. Na ɗaga su a rana suna ƙyalli. Na sansana, babu wari. A cikinsu akwai ɗaya mai shuɗin murfi wadda layukan awon jikinta suka goge, irin waɗanda Dokta ta ce in an dafa a zubar. Bahaushe kuwa bai iya zubar da kwalba mai murfi ba. Na ɗaure murfinta da sauran laima a ciki, na sa a aljihu.

Da na shiga gida uwarku ta gan ta, ta miƙo hannu.

"Kai, Malam, wannan ai ta man gyaɗa ce. Allah ya amfana."

"Ta Inna ce, rubutu za a zuba."

"To, na janye. Amma in akwai ƙanwarta a can, ka ce ina gaishe ta."

Ranar Laraba na kai wa Yaya. Ya jujjuya ta, ya buɗe ya rufe, ya ce lallai Turawa sun iya murfi. Ya ce gobe Alhamis zai kammala, Inna ta fara sha da safiyar Juma'a.

Ranar Alhamis Dokta ta dawo, ta tarar da kwalabe biyar a jere a kan tebur, ni kuma ina tsaye ina jiran yabo. Ta dubi tukunya, ta dubi kwalaben.

"An kawo wuta ne bayan tafiyata?"

"Ba a kawo ba, Dokta. Da hannu na wanke, sau bakwai-bakwai. Ki duba, ba launi, ba wari."

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta sa safar hannu, ta fara tambayar inda na zubar da ruwan wankin, ta bi wurin da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ta ɗauki kwalba ɗaya, ta zuba mata ɗan dafaffen ruwa ta girgiza, ta ɗiga a kan faranti mai abinci wanda aka gauraya da maganin nan da ba ya kashe garkenta, ta shafe, ta rufe.

"Malam, ba zan yi musu da karatunka ba, don ni ma shi aka fara ba ni. Mu bar farantin nan ya kwana. Akwatin ɗumin da muke ajiye su ba wuta, amma zafin Wudil ya ishe su. In gobe ba komai, ni zan ba ka haƙuri."

Ku lura da wannan wuri, 'ya'yana, don nan ne laifina na gaske. Wanke kwalaben kuskure ne, amma shirun da na yi a wannan rana ba kuskure ba ne. Ta ƙirga biyar, ni na san shida ne. Na ce a raina gobe faranti zai wanke ni, me zai sa in tayar da magana? Na koma gida na ci tuwo na yi barcina.

Da safiyar Juma'a na riga ta zuwa. Na leƙa farantin ta saman murfi, sai na ga ya yi ɗige-ɗige fari fat, kamar an watsa gero a kan faifai, wasu har sun haɗe da juna. Da ta iso ta ɗebi ɗan kaɗan ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in sa ido. Na sa. Na ga wasu 'yan sanduna birjik, ba su ƙirguwa, suna rawa a cikin haske. Daga kwalbar da na wanke sau bakwai suka fito. Na dafa tebur. Ta zaci mamaki ne, har ta fara murmushi.

"Dokta, kwalaben shida ne."

Murmushin ya tafi.

"Ina ɗayar?"

"Tana Darki. An zuba wa mahaifiyata rubutu a ciki. Yau za ta fara sha."

Ba ta ce don me ba, ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta tambaye ni shekarun Inna da irin ciwonta, ta ɗauki safar hannu da leda mai kauri da galan ɗin bilic, ta ce in kulle ɗakin in same ta a mota.

Kun san Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa. Shanu sun cika titi, manyan motoci sun yi layi, dillalai suna tsallakawa da sanduna kamar titin na gidansu ne. Muka yi ta tafiyar hawainiya, ni ina ta salati, ita tana riƙe da sitiyari da hannu biyu. Sai da muka fita gari ta yi magana. Ta ce kada in firgita kowa, mai yiwuwa ba abin da zai sami Inna, amma tsohuwa ce marar lafiya, kuma kwana uku za ta yi tana sha, ba za a bar ta ta ci gaba ba. Ta ce kwalbar dole ta koma ta bi ta tukunya da duk abin da ke cikinta. Ni kuwa na san abin da ke cikinta, na kuma san wanda ya rubuta.

Muka tarar da Yaya a zaure. Na yi sallama, ya fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ni kuwa na wuce ciki ban tsaya ba, abin da ban taɓa yi masa ba tunda aka haife ni. Dokta ce ta durƙusa a bakin zaure ta yi gaisuwar da ya kamata in yi, ta tambayi iyali da mai jiki da zafi. Inna tana kan tabarma a inuwar ɗakinta, an jingina ta da filo, kwalbar tana gefenta, baƙin ruwan ya ɗan sauka daga wuya. Ludayi yana kife a kan faifai.

"Auta, lafiya kake shigowa kamar an koro ka?"

"Inna, kin sha?"

"Ludayi ɗaya, da zuma. Wace ce wannan a bayanka?"

Dokta ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta saurari harshenta, ta karkata kai.

"Wannan bakin ai na Zariya ne. Shi ke nan, Auta, ka rasa abin da za ka kawo mini sai Bazazzagiya."

Dokta ta ce:

"Inna, ai dole uwargijiya ta zo duba baiwarta in ta ji ba ta da lafiya."

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Yaya ya shigo ya tsaya a kanmu. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, ban rage ba, tun daga wanki bakwai har farantin da ya kwana. Ya saurara har na gama.

"To yanzu me kake so?"

"Kwalbar zan koma da ita, Yaya."

"Juye rubutun a ƙwarya, ka ɗauki kwalbarka."

"Har da rubutun. Sun riga sun shiga cikinsa."

Fuskarsa ta sauya. Ya nuna kwalbar da yatsan da tawada ba ta gama fita daga jikinsa ba.

"Isiyaku, ka san abin da ke cikin nan. Kwana uku ina rubuta shi. Kana gaya mini maganar Allah ba ta fi ƙarfin abin da ko ƙuda bai kai ba?"

"Ba rubutunka ne da laifi ba, Yaya. Kwalbata ce."

Dokta ta sa baki a hankali, kanta a sunkuye.

"Allah gafarta Malam, ni ma da rubutu aka raine ni. Amma da ƙazanta ce ta faɗa ciki kana gani, za ka ba Inna?"

"Ba zan ba ta ba."

"To ita ce ta faɗa, sai dai ba a ganinta."

"Abin da ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, da wane littafi za ki hukunta shi, 'yata?"

Ni kaina, kwana ɗaya kafin nan bakinmu ɗaya da shi. Matan da ke daka a tsakar gida suka tsaya. Sai Inna ta miƙa hannu ta jawo kwalbar ta ɗora a cinyarta, tana shafa murfin.

"Ke Bazazzagiya, in kun tafi da shi, ina za ku zuba? Ba dai a kwata ba."

"A'a, Inna. Dafa shi za mu yi, in ya huce Malam Isiyaku ya zuba a wuri mai tsarki, inda ƙafa ba ta takawa."

Inna ta ɗaga kai wajen Yaya, ba ta dubi idonsa ba, yadda ta saba.

"A gaya wa mai zaure, ladansa ya riga ya isa inda za shi tun alƙalami yana kan allo. Yaron nan kuwa tun yana ƙarami in ya fasa ƙwarya shi yake kawo mini sakainar da kansa. Bai taɓa zuwa da irin wannan fuskar a banza ba. Ungo, Auta."

Yaya ya ce:

"In kwalbar nan ta fita gidan nan, ni da sake ɗora alƙalami a kan wannan ciwo har abada. Isiyaku, ka zaɓa."

Na dubi yatsunsa, na dubi ƙafafun Inna. Na sa safar hannu a gaban yayana, kamar mai shirin ɗaukar mushe, na karɓi aikin kwana ukunsa na saka a leda na ɗaure. Ina jin safar hannun nan ta fi komai yi masa ciwo. Ya juya ya koma zaure. Da muka zo fita na yi masa sallama, ya amsa bai ɗago ba.

Dokta ta tafi da ludayin ma, ta wanke faifai, ta wanke hannun Inna, ta gaya wa matar Yaya alamun da za a lura da su, zazzaɓi ko gudawa. Da la'asar ta kawo wata 'yar tukunya mai ɗaurarren murfi daga gidanta, muka ɗora a kan risho a bayan ɗakin gwaji, muka sassauta murfin kwalbar muka saka ta. Tukunya tana huci, ni ina zaune a ƙasa ina karanta abin da na san Yaya ya rubuta, hawaye yana bin gemuna. Da ta huce na haƙa ɗan rami a gindin wata tsamiya da ke bayan katanga, na yi bisimilla na zuba, na mayar da ƙasa. Dokta tana tsaye a gefe ta gyara mayafinta, ba ta tafi ba sai da na shafa addu'a.

Washegari ta ce dole a rubuta abin da ya faru a kai wa shugabanni, har da nata sakacin na barin bokitai a cike ba ta zuba musu bilic ba kafin ta tafi. Ta ce in faɗa ta rubuta. Na ce laifin da na yi da hannuna da hannuna zan rubuta shi. Na cika shafi biyu da ajami, ta karanta tsaf ba gargada, ta juya shi da boko ta haɗa da nata. Aka karɓe makullin ɗakin daga hannuna har ƙarshen zangon karatu, aka mayar da ni shara a baranda, ɗaliban da ke ce mini Baba suna wucewa suna kau da kai don kada in ji kunya. Da na gaya wa uwarku, tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Yanzu da ka yi shiru, wa zai sani?"

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Na sani, na sani, kada ka ja mini aya. Zafin zuciya ne. Matso ka ci abinci."

Inna ba ta yi zazzaɓi ba, ba ta yi gudawa ba. Mako biyu Dokta tana zuwa Darki bayan kowane kwana biyu, sau ɗaya har da wata likita ƙawarta, ita da Inna suna ta tsokanar juna a kan wanda ya fi wani rowa tsakanin Kano da Zariya. Ni na yi mata wani rubutun da hannuna, na wanke a ƙwaryarta ta fura. Ta sha ta lashe baki ta ce tawadata ta yi ruwa, hannun mai zaure ya fi nawa. Ta faɗa da ƙarfi don ya ji daga zaure. Ya ji, bai fito ba. Ta ga damina, ta ga an yanke gero, ta ci sabon tuwo. Bayan kaka ciwon nata na asali ya tashi, Allah ya karɓi abinsa tana jingine a kafaɗata, Yaya yana riƙe da ƙafafunta.

A zaman makoki ne wani ya ce ai da an bar ta ta cika kwana ukun nan da ba haka ba. Yaya yana zaune, ya fi kowa sanin ajali ba ya jiran ludayi, amma bai ce uffan ba, shirunsa kuwa ya zama shaida. Daga nan maganar da kuka taso kuna ji ta samo asali. Shekara uku muka yi a haka. Malami ne, ya san hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa, saboda haka in na yi sallama zai amsa, in na ce ina kwana zai ce lafiya, daga nan sai ya ɗauki carbi. Kada ku riƙe shi da wannan. Mutum ne da ya ga mahaifiyarsa tana tafiya, abu ɗaya ya iya yi mata, ƙaninsa ya zo ya ɗauke shi da safar hannu.

Wata Juma'a da hantsi, makulli ya daɗe da dawowa hannuna, ina jera farantai sai mai gadi ya ce ana sallama da ni. Na fito na ga Yaya a baranda da sandarsa, idanun sun yi fari da yana. A motar kasuwa ya zo, shi kaɗai, yana tambaya har ya iso. Na durƙusa, muka gaisa, wannan karon har ƙarshe, har ya tambayi uwarku da ku ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce:

"Abin nan da ka ce ka gani. Nuna mini."

Na shiga na gaya wa Dokta. Ta fito da kanta ta gaishe shi, ta kawo farar riga muka ɗora masa a kan babbar rigarsa, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu. Ya ce yau ga Garba ya zama likita da tsufa. Na zaunar da shi a gaban madubi, na saita masa, na kama kansa a hankali na kai idonsa wurin. Ya daɗe yana kallo. Ya sauya ido. Ya goge da gefen rawani ya sake sawa.

"Haske kawai nake gani, kamar fitila a cikin hazo."

Dokta ta ce bari ta ƙara haske. Ya ɗaga hannu ya ce ta bari, ba daga fitilar ba ne. Ya juyo inda yake jin numfashina.

"Isiyaku, kai ka gan su? Da idonka?"

"Na gan su, Yaya."

"A cikin irin kwalbar da ka kawo mini?"

"A cikin 'yar'uwarta da na wanke tare da ita."

Ya gyaɗa kai.

"To. Jinjirin wata ma ba kowa ke ganinsa ba, amma kowa yana tashi da azumi."

Ya miƙe, muka cire masa rigar. Na kai shi wurin famfo na ba shi sabulu, ya wanke hannu har gwiwa ba tare da ya tambayi dalili ba. A baranda na ce bari in nemo mai babur ya kai shi tasha. Ya ce a'a, da ƙafa zai je. Ya mayar da sandarsa hannun hagu, ya miƙo mini na dama.

"Riƙe ni, Auta. Shanu sun cika hanyar nan, ni kuwa ba na ganinsu."